Garake da wuraren shan iska na Al-Ain, birnin dabino a cikin hamadar Larabawa

Gabatarwa

Mai karatu, idan fatauci ko karatu ko neman magani ya kai ka Dubai ko Abu Dabi, ka sani akwai wani birni can cikin ƙasa, nesa da gaɓar teku, wanda ya cancanci ka ware masa yini ɗaya ko biyu. Sunansa Al-Ain, wato idon ruwa da Larabci, kuma mutanen yankin suna yi masa kirari da birnin garake. Wannan bayani zai gabatar maka da muhimman wuraren da za ka ziyarta, da abin da ya kamata ka duba a kowane ɗaya, da shawarwarin tafiya. Akwai tambaya guda da za ka riƙe a zuci duk inda ka ga ganye shar a wannan birni: daga ina ruwan ya fito? Amsarta ita ce za ta bambance maka garkar da ta rayu shekaru dubbai da wadda injin jan ruwa ke riƙe da ita.

Inda birnin yake da yanayinsa

Al-Ain tana cikin masarautar Abu Dabi, ɗaya daga cikin masarautu bakwai na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Tana kimanin kilomita 160 gabas da birnin Abu Dabi, da kusan kilomita 130 kudu maso gabas da Dubai, a kan iyaka da garin Buraimi na ƙasar Oman. Tuddan rairayi ja sun kewaye ta ta yamma da arewa, duwatsun Hajar kuma suna gabas da ita.

Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 100 a shekara ba, wato kusan irin na Agadas, alhali Maraɗi kan sami kusan 500. Ɗan abin da ake samu ma ya fi sauka ne a lokacin sanyi. Daga watan Yuni zuwa Agusta zafi kan haura digiri 45 da rana. Duk da haka, mutane suna noma a wannan wuri tun shekaru kusan 5,000 da suka wuce. A 2011 hukumar UNESCO ta sanya dausayoyin birnin guda shida, tare da kufan Hili, Hafit da Bida Bint Sa'ud, cikin jerin kayan tarihi na duniya. Shi ne wuri na farko a ƙasar da ya sami wannan matsayi.

Mine ne falaj?

Ba za ka fahimci garaken Al-Ain ba sai ka san falaj, jam'insa aflaj. Ruwan saman da ke sauka a kan duwatsu yana nitsewa cikin tsakuwa a gindinsu. Mutanen da sukan haƙa uwar rijiya a can tudu har su cim ma ruwan, sa'annan su haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa, mai ɗan gangara kaɗan, ya yi tafiyar kilomita da dama zuwa kwarin da ake noma. A kan hanyar ramin ana jera wasu rijiyoyi domin kwashe ƙasa, da shigar iska, da saukar masu yasa. Ruwa yana gangarowa da kansa dare da rana, ba guga, ba dabba, ba inji. Da yake a rufe yake tafiya, rana ba ta shanye shi, rairayi kuma ba ya cike shi da sauri.

Inda ruwan ya fito fili, nan ake ɗibar na sha. Daga nan sai wurin alwala da wanka da wanki, sa'annan ya shiga magudanan da ke raba shi cikin garake. Rabon kuwa na lokaci ne: kowane mai garka yana da sa'o'insa, kuma akwai wani amintacce da ake kira arif wanda ke buɗewa da toshe magudanai. Kafin zuwan agogo, a wannan yanki da inuwar sanda ake auna rabon rana, da taurari kuma ake auna na dare. Irin wannan dabara ce ake kira foggara a Tuwat ta ƙasar Aljeriya, da kanat a Iran.

Babbar fa'idar falaj ita ce ba ya iya ɗibar fiye da abin da ƙasa ta tara. In an yi shekarun fari ruwa ya ragu, dole manoma su rage shuka. Rauninsa kuma shi ne yawan aikin gyara, domin rami in ya rufta, gari duka ya shiga ƙishirwa. Lokacin da aka naɗa Shaihu Zayid bin Sultan Al Nahyan wakilin sarki a Al-Ain a 1946, aikin da ya fara sa wa hannu shi ne yasar tsofaffin aflaj da haƙa sabo. Tarihin ƙasar ya nuna cewa a wancan zamani masu hali ne ke riƙe da rabon ruwa suna sayar wa talakawa. Sai ya saki rabon gidansu kyauta, sauran masu ruwa suka bi sahu. Shi ne ya zama sarkin Abu Dabi a 1966, kuma shugaban ƙasar na farko daga 1971 har rasuwarsa a 2004.

Dausayin Al-Ain

Da wannan za ka fara, domin shi ne mafi girma, kuma a tsakiyar birni yake. An gyara shi aka buɗe wa maziyarta a 2016, ba a kuma biyan kuɗin shiga. Hukumomin ƙasar sun ƙiyasta itatuwan dabino sama da 147,000, iri kusan 100. Ka lura cewa garake ne na mutane, ɗaruruwa, kowace da katangarta da ƙofarta, ana kuma aiki a cikinsu har yau. Kai naka shi ne bin hanyoyin da aka shimfiɗa tsakanin katangu, a ƙasa ko bisa keken haya.

Kusa da ƙofar yamma akwai wani ɗakin bayani da ke nuna tarihin dausayin da yadda falaj ke aiki. Yana da kyau ka fara shiga nan kafin ka nutsa cikin dabinai. Da ka shiga inuwa za ka ji iska ta canza, hayaniyar motoci ta ɓace, sai kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa a magudana.

Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne tsarin shuka hawa uku. Dabino ne a sama, yana tare rana da iska mai zafi. A ƙarƙashinsa akwai itatuwan marmari kamar mangwaro, lemun tsami, lemun zaƙi, ayaba da ɓaure. A ƙasa kuma ciyawar dabbobi da kayan miya. Ruwa ɗaya ne ke shayar da su duka, inuwar na sama tana hana ƙasar na ƙasa bushewa, ganyen da ya zuba kuma ya koma taki. Wanda ya san garaken Timiya ko Tabelot a Abzin zai ga abin da ya saba gani, sai dai a can da rijiya ake jawo ruwa, a nan kuwa magudana ke kawo shi. Saboda wannan tsari ne hukumar FAO ta amince da dausayoyin dabino na Al-Ain da Liwa a 2015 a matsayin gadon noma mai muhimmanci ga duniya.

Idan ka je a watan Fabrairu ko Maris, za ka iske ma'aikata a saman dabinai da igiya a ƙugu, suna ɗaukar furen namiji suna cusawa cikin na mace. Dabino yana nuna ne da tsananin zafi, daga Yuni zuwa Satumba. Daga cikin ire-iren da suka yi suna akwai Khalas, Fard, Lulu, Khanaizi da Barhi. A gefen yamma na dausayin akwai gidan da Shaihu Zayid ya zauna har 1966, wanda aka mai da gidan tarihi a 2001.

Sauran dausayoyi da filin Jahili

Sauran biyar su ne Kattara, Jimi, Hili, Mu'utarid da Muwaiji. Sun fi ƙanƙanta, baƙi ba su cika yawa a cikinsu ba, don haka sun fi dacewa da mai son kallo a tsanake. A Kattara da Jimi, waɗanda ke maƙwabtaka da juna, za ka ga tsofaffin gidaje da masallatai da hasumiyoyin tsaro na ginin ƙasa, an rufe su da azarar dabino. Ginin zai tuna maka da tsofaffin unguwannin Damagaram da Agadas. Hasumiyoyin nan an gina su ne domin gadin ruwa da dabino. A bakin Kattara akwai tsohuwar kasuwa da wata cibiyar zane da sana'o'in hannu da aka buɗe a 2011. A gefen Muwaiji kuma akwai fadar da aka haifi Shaihu Khalifa bin Zayid a 1948, wanda ya gaji mahaifinsa a shugabancin ƙasa.

Tafiya kaɗan daga babban dausayi za ka iske sansanin Jahili, wanda aka gina da tubalin ƙasa tsakanin 1891 da 1898. A gabansa akwai filin shan iska mai ciyawa da furanni da wurin wasan yara. Da la'asar sakaliya iyalai ke cika shi, kowa da tabarmarsa da butar shayinsa. A cikin sansanin akwai hotunan Wilfred Thesiger, Baturen Ingila da ya ƙetare hamadar Rub'ul Khali bisa raƙumi sau biyu a shekarun 1940, wanda Larabawa suka laƙaba wa suna Mubarak bin Landan.

Filin tarihi na Hili

Kimanin kilomita 10 arewa da tsakiyar birni akwai filin Hili, inda aka haɗa wurin shan iska da kufai. A tsakiyarsa akwai wata babbar kushewa mai siffar da'ira, faɗinta kusan mita 12, an gina ta da sassaƙaƙƙun duwatsu sama da shekaru 4,000 da suka wuce. A saman ƙofofinta an sassaƙa siffofin mutane da dabbobi, har da mariri guda biyu suna fuskantar juna. A kufan da ke kusa, masana sun tono ƙwallon dabino da ƙwayoyin alkama da sha'ir na shekaru kusan 5,000, waɗanda ke cikin shaidu mafi tsufa na noma a ƙasar. A yankin nan ne kuma aka gano ragowar wani falaj mai shekaru kusan 3,000, ɗaya daga cikin mafi daɗewa da aka sani a duniya.

Gidan namun daji

Shaihu Zayid ya kafa shi a 1968, kusa da gindin dutsen Hafit, da nufin ceto namun hamada da farauta ta kusa ƙarewa. Ana biyan kuɗin shiga. Babbar dabbarsa ita ce farin maririn Larabawa, wanda ya ƙare a daji a 1972. Da waɗanda aka tsare a gidaje irin wannan aka sake hayayyafa shi, aka fara mai da shi daji a Oman a 1982.

A nan, kai mutumin Nijar, za ka gamu da dabbobin ƙasarka waɗanda da wuya ka taɓa gani a gida. Akwai mena, barewar nan mai dogon wuya da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ke ɗauke da sunanta. Akwai adaks, farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ƴan ƙalilan ne suka rage a daji, akasari a yankin Termit da Tin Tumma. Akwai kuma maririn Sahel mai ƙaho kamar lauje, wanda aka bayyana ƙarewarsa a daji a 2000. Daga garkunan da aka tsare a masarautar Abu Dabi ne aka fara mai da shi gandun Wadi Rime da Wadi Ashim na ƙasar Cadi a 2016, ya hayayyafa har aka fitar da shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji a 2023.

A cikin harabar akwai wata cibiyar koyon ilimin hamada mai sunan Shaihu Zayid, wadda aka buɗe a 2016. Tana bayani a kan duwatsu, tsirrai, ruwa da rayuwar makiyaya. Malaman makaranta da masu aikin wayar da kai za su sami dabarun koyarwa masu amfani a cikinta.

Dutsen Hafit da Mubazzara

Dutsen Hafit yana kudu da birni, tsawonsa sama da mita 1,200. Wata hanyar kwalta mai kwana-kwana, ta kusan kilomita 12, tana hawa har ƙololuwa. Daga can sama za ka ga birnin baki ɗaya: dausayoyi kore duhu, tituna jere da itatuwa, sa'annan rairayi iyakar ganinka. Nan ne za ka gane ƙanƙantar wurin da ruwa ya isa.

A gindinsa akwai wurare biyu da ya kamata ka gani a rana ɗaya domin ka kwatanta. Na farko Mubazzara ne, inda ruwan zafi ke fitowa daga ƙarƙashin dutse yana gudana cikin ƴan magudanai. An shimfiɗa ciyawa a kan tuddai, an gina ɗakunan wanka na maza daban, na mata daban. Wuri ne mai daɗin zama da iyali, amma ciyawarsa sai da ban ruwa kullum take rayuwa. Na biyu shi ne filin hamada na Hafit, a gefen gabas, wanda aka buɗe a 2020. A nan an bar ƙasa yadda Allah ya yi ta: tsakuwa, ƙaya da itatuwa jefi-jefi, tare da ƙananan kusheyi na dutse masu kama da rumbu, na shekaru kusan 5,000. Babu mai ba itatuwan nan ruwa, kuma suna nan a raye.

Itatuwan da za ka gane

Da yawa daga tsirran wannan hamada ƴan gida ne a wurinka. Abin da suke kira sidir, kurna ce, kuma zumarta tana da tsada ƙwarai a kasuwanninsu. Samur shi ne kandili, irin iccen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973, wanda gangar jikinsa ke ajiye a gidan tarihi na Yamai. Za ka ga tumfafiya a bakin hanya, da lalle a garake, da dogon yaro a tituna.

Wanda zai zame maka baƙo shi ne gaf, dangin ƙirya, wanda aka ayyana iccen ƙasa a 2008. Saiwarsa tana nitsewa har kusan mita 30 neman ruwa, ganyensa ba ya kakkaɓewa da rani, raƙuma da awaki suna cin ganyen da ƴaƴan. Doka ta hana sare shi ba da izini ba.

Daga ina ruwan yau ke fitowa?

Tun daga shekarun 1970, kuɗin man fetur ya kawo rijiyoyin burtsatse da injuna dubbai, aka buɗe sababbin gonaki, birni ya bunƙasa. Abin da ake ɗiba daga ƙarƙashin ƙasa ya ninka abin da ruwan sama ke mayarwa sau da yawa. Ruwan ya yi nisa, a wasu wurare ya yi gishiri, kuma akasarin aflaj sun daina gudana da kansu. Ruwan da za ka gani a magudanan babban dausayi a yau, injuna ne ke taimakawa wajen zuba shi. Ruwan sha na birni kuwa, galibinsa ruwan teku ne da aka cire wa gishiri, aka turo ta bututu daga gaɓa mai nisan fiye da kilomita 100. Itatuwan tituna da filaye da dama ana shayar da su ne da ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje aka sake tacewa, ta ƴan siraran tiyo masu ɗigo a gindin kowane icce.

Don haka ka yi kallo da idon basira. Shimfiɗar ciyawa da furannin kan titi ado ne da ƙasa mai arzikin mai kaɗai ke iya ɗauka. Abubuwan da suka fi ƙarko su ne waɗanda ba su da tsada: shuka hawa uku, rufe hanyar ruwa daga rana, rabon ruwa bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, ban ruwa na ɗigo, da fifita iccen da ya saba da fari.

Shawarwari ga mai ziyara

1. Lokaci mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. In da zafi ka je, ka fita da sassafe ko bayan la'asar, da ruwan sha a hannu.

2. Akwai motocin safa daga Dubai da Abu Dabi, tafiyar kusan awa biyu. Wuraren suna nesa da juna, sai ka tanadi kuɗin tasi. In yini ɗaya gare ka, ka yi dausayi da Jahili da safe, dutsen Hafit da yamma.

3. Tun 2022 ranakun hutu a Abu Dabi da Dubai su ne Asabar da Lahadi, Juma'a kuma rabin yini ake aiki. Lokutan buɗewa sukan canza ranar Juma'a da watan azumi, sai ka tambaya kafin ka tashi.

4. Kada ka shiga garkar da ke rufe, kada ka tsinki dabino ko wani ɗan icce, kada ka wanke ƙafa ko kaya a magudana. Kada ka ɗauki hoton mutane, musamman mata, ba da yardarsu ba, domin doka tana hukunta mai yin haka.

5. Buraimi ƙasar Oman ce, akwai shinge da jami'an iyaka. Kada ka ƙetara sai ka tabbatar bizarka za ta ba ka damar dawowa.

6. In hadari ya haɗu, ka nisanci korama ko da a bushe take. A ranar 16 ga Afrilu 2024 an auna ruwa milimita 254 cikin ƙasa da yini ɗaya a Khatmul Shakla, a yankin Al-Ain, ambaliya ta yi ɓarna mai yawa.

7. Wannan ita ce mafi muhimmanci: kada ka ɗauko tsiron dabino, irin wanda ke fitowa a gindin uwa, domin ka dasa a gida. Akwai wani jan ƙwaro mai dogon baki da tsutsarsa ke cinye cikin dabino, ba a ganewa sai icce ya kusa faɗuwa. Ya shigo yankin a tsakiyar shekarun 1980, kuma bokitan da za ka gani a gindin dabinai tarkonsa ne. Ta hanyar safarar tsiro yake yaɗuwa: ya isa Masar a 1992, ya ɓulla a Tijikja ta Muritaniya a 2015. Tsiro guda mai ɗauke da shi ya isa ya jefa dabinan Bilma, Ingal da Abzin cikin hatsari. Busasshen dabino na ci kuwa, ka yi tsarabarsa yadda kake so. Mai neman sabon iri ya bi ta ma'aikatar gona, inda ake binciken lafiyar tsirrai.

Kammalawa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. In Allah ya kai ka Al-Ain, ka shiga dausayi da littafi da alƙalami. Ka auna tazarar da ke tsakanin dabino da dabino, ka duba abin da aka shuka a inuwarsu, ka tambayi ma'aikacin garka sau nawa ruwa ke zuwa masa a mako da zafi, sau nawa da sanyi. Idan ka dawo, ka kai wa masu garake na garinku abin da ka rubuta.